Ƙofar Inna Delu

Tun da Sallau ya shafe gidansa da wani yaɓe mai rai, mahaifiyarsa Inna Delu ba ta huta ba. Yaɓen da kansa yake hayayyafa, yana toshe tsaga da ramin ɓera da duk wata kafar da ɗumin jikin mutane ba ya yawan ratsawa. Ƙofar kicin tana nan wangame, ta falo ma haka. Ta ɗakin Inna kuwa kullum ƙara tsukewa take yi.

Yau da safe Sallau ya tarar da ita tana kankare bakin ƙofar da wuƙar yanka kuɓewa, tana ta tsaki.

Ya ce, "Haba Inna, ki bari mana! In kin kankare ƙara kauri yake yi. Zan kira masu gyara."

"Su gyara me? Sun zo, sun ce lafiyarsa ƙalau. Ɗumin jikina ni kaɗai ne bai ishe shi ba."

"To, bari in shigo in duba."

Ya karkata, ya tura kafaɗa, ya riƙe numfashi. Ƙofa ta ƙi shi.

Inna ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da kankara. Ta ce, "Da sallar bara ko karkatawa ba ka yi ba ka shige. Bar wahalar da kanka. Gaishe ni daga nan, yadda ka saba."