Fuskar da Ke Layi na Biyu

Nafi'u, tun da ka ce gobe kai za ka yi wa ɗalibai sharhin fim, zauna in ba ka wani misali ka tafi da shi.

A wata jami'a an yi wani ɗalibi mai baki, irin waɗanda in suka kama lasifika sai an roƙe su kafin su saki. Shi ne shugaban ƙungiyar masu kallon finafinai. Duk Asabar da hantsi sukan ja labulen wani ɗakin lacca su haska fim a bango, in an gama ya miƙe ya fayyace wa ya zalunci wa. Wata rana suka sa fim ɗin wani ɗan ƙwallo da ya karye a fili, ƙungiyarsa ta yar da shi kamar tsumma. Abin da ya fi ƙona wa shugaban rai shi ne 'yan kallon cikin fim ɗin. Yaro na birgima a ƙasa yana ihu, su kuwa suna shewa, suna cewa a janye shi a ci gaba da wasa.

Shugaban ya ce da mai na'ura, "Mayar mana baya. Tsayar a nan. Jama'a, ku dubi fuskokin marasa imani!"

Hoto ya tsaya cak. A layi na biyu cikin 'yan kallon ga wani riƙe da rake, baki buɗe yana dariya. Shugaban ne da kansa. Har hular da ke kansa ita ce a bango, kuma duk na gefensa a hoton suna zaune a ɗakin nan. Sai a lokacin suka tuna gasar bara, ranar da golansu ya faɗi bai tashi ba, aka fitar da shi a kan benci, su kuma suka bi kofi da waƙa. Ba wanda ya taɓa zuwa duba shi. Wasu suka ce masu fim ne suka ari hoton taron, wasu suka rantse ba kyamara ko ɗaya a filin ran nan. Ni dai ban sani ba.

Shugaban ya fita da gudu ya nufi ɗakin golan don ya nemi gafara. Ya tarar da gado ba katifa, safar hannu guda na rataye a ƙusa. Abokin ɗakin ya dube shi ya ce, "Sai yanzu? Ai ƙafar ta ruɓe, aka kai shi gida. Har an yi sadakar arba'in."

To, Nafi'u, kafin ka nuna bango da yatsa gobe, ka duba layi na biyu da kyau. Ba banza Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani ba.