Wanda Ya Ƙera Injin Carbi

Ana saura wata guda aikin Hajji, a shekarun da ake ta rushe gidaje don faɗaɗa Harami, injin Baba Dawuda ya tsaya. Tsohon inji ne na taka ƙafa, mai murza itace ya fitar da ƙwayoyin carbi. Ba sana'a yake yi da shi ba. Carbin yakan raba wa alhazan ƙasar Hausa kyauta, su kuma su ba shi labarin gida. Ban da wannan injin, babu abin da ke tashinsa daga shimfiɗa.

Mai gidan da yake haya a unguwar Hindawiyya ta Makka ya ce idan abin ya mutu, a kai shi gwanjo, ɗakin ya yi ƙunci. Dawuda ya ce a ba shi lokaci, zai nemo wanda ya ƙera shi ya gyara.

Sai dai injin ba shi da suna a jikinsa. Babu tambari, babu rubutu, ko ƙusa ɗaya babu. Katako ne ya ciji katako.

Rumasa'u, wata baiwar Allah da ke kawo masa abinci, ita ta samo amalanke. Ta riƙe masa hannu suka bi masassaƙan gari ɗaya bayan ɗaya. Yana jin nauyin wannan riƙon, amma ƙafarsa ta dama ba ta da ƙarfi, sai ya ƙyale ta.

Wani Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, ya duba ya ce ba aikin mutanensu ba ne. Wani Baturke ya shafa katakon ya daɗe, ya ce ko wane ne, mutum ne mai haƙuri, kuma ya sa matakin a hagu, abin da ba a saba yi ba. Dawuda ya lura duk shagon da ya shiga sai a miƙe tsaye, a ba shi kujera, a kawo shayi. Ya ce a ransa mutanen Makka sun ƙara ladabi.

Da la'asar suka isa shagon wani Mukhtaru, Bahaushe haifaffen garin, mai furfura a gemu. Yana ganin amalanken ya ajiye zarto, ya zo ya sumbaci kan tsohon.

Dawuda ya ce, "Ka san mai wannan aikin?"

Mukhtaru ya ce ya san shi.

"Yana raye?"

"Yana raye, ya ammi," in ji Mukhtaru, yana kiransa baffa da Larabci.

Dawuda ya yi hamdala har idonsa ya cika. Ya roƙi a kai shi wurinsa, ko da a kan amalanken ne. Ya ce yana so ya faɗa masa cewa bai taɓa taka abin da ya dace da ƙafarsa kamar wannan ba, kuma alhazai sun kusa sauka Jidda.

Mukhtaru ya ce sai dai gobe, in sha Allahu. Ya zaunar da shi, sannan ya ja Rumasa'u bakin ƙofa. Sun yi ƙasa da murya, amma kunnen tsohon bai mutu ba. Ya ji su, ya kuma tausaya wa mutumin da suke magana a kai, ko wane ne shi.

"Ya ukhti, 'yar'uwa, tun yaushe ya manta shi ne ya ƙera shi?"

Rumasa'u ta goge ido da bakin mayafi.

"Shekara guda bayan ya manta ni 'yarsa ce."