Angon Malina

Motar gwamnati ta maƙale a laka daidai gadar ƙauyen Zalesie, kuma daga ƙofar gidansa Pan (wato Malam) Walenty Kurek yana iya hango ƙahonin abin da ta ɗauko. Maza shida ke tura ta. Bai taɓa yi wa laka addu'ar ƙarin ƙarfi ba sai ran nan.

Kwamared Sobczak, jami'in noma na gunduma, bai jira motar ba. Da keke ya riga ta isowa, ba saƙo ba takarda. Ya zauna a kan kututturen da ke fuskantar ɗakin shanu, ya ɗora jaka a cinya.

"Albishirinka, Pan Kurek. Bijimin gwamnati muka kawo wa Malina, wanda babu kamarsa a lardin nan. Saniya irin taka ai bai kamata ta mutu ba ta bar wa ƙasa 'ya'ya ba."

Walenty ya yi godiya har sau uku.

Shekara huɗu da suka wuce aka kwashe bijiman ƙauyen kaf zuwa gonar gwamnati. Aka ce duk mai son barbara ya ja saniyarsa zuwa can, tafiyar yini guda. Wanda aka kama ya ɓoye bijimi kuwa, sunan laifinsa zagon ƙasa. A makon ne Walenty ya je ofis ya rubuta saniya ɗaya, ja, mai farin tabo a goshi, sunanta Malina.

Mai saniya dole ya kai wa gwamnati kasonta na madara. Walenty bai taɓa fashi ba. Matan ƙauye kan biyo da shanunsu ta gidansa, wai su shafi albarkar Malina, kuma ba mai zuwa hannu wofi: garwar madara ce kullum har wata ya cika. Albarkar ta kama kuwa. Ba saniyar da ta yi fashin haihuwa a Zalesie, har Sobczak ya samu yabo a kai.

Matarsa Gienia ta sha gaya masa ya kai kason dole kawai, ragowar ta kaɗa ta fid da mai. Ina! Wata rana mai awon madara ya yi masa tsiya, wai akuyarsa ta fi saniyar Kurek nono. Washegari Walenty ya loda garwa bakwai a keken doki, ya dire su a gaban jama'a, ya ce wannan na safe ne kawai.

Daga nan hanyar komawa ta toshe. Aka ba shi lambar yabo. Jarida ta aiko mai hoto, Walenty ya leƙo da kan Malina ta saman rabin ƙofa, ya ce kunya gare ta, ba ta son baƙi a kusa da ita. Aka ninka masa kaso, aka ƙara wa ƙauye nasa, tunda an ga abin da saniyar talaka ke iyawa. In ya ce ta mutu, likitan dabbobi zai nemi gawa. In ya yanka, kurkuku. In ya sayar, mai saye na da ido.

Yanzu kuma ga ango a hanya. Abin da Walenty ke gani a ransa shi ne gonar da ya gada wurin ubansa, an tumɓuke duwatsun iyakarta an zuba ta cikin gonar haɗin gwiwa, shi kuma yana fasa dutse a wani wurin da ba a faɗin sunansa.

Gienia ta fito da burodi da kokwamba mai tsami da kwalbar giyar vodka. Da ta gifta ta gefen mijinta ta ce ƙasa-ƙasa, "Garwa bakwai, ko? Na safe kawai. Sai ka je ka tatso na yamman, tsoho."

"Rufa min baki, tsohuwa, ina tunani."

Ya yi tunanin kuwa. Ɗakin shanun ƙofarsa ɗaya, tagarsa ko kyanwa sai ta rage ciki. Ya cika wa Sobczak kofi, ya ce Malina na fama da mura. Sobczak ya ce ai da likita a motar. Ya ce ba lokacinta ba ne. Sobczak ya ce bijimin zai zauna har lokacin ya yi, da kuɗin ciyawarsa. Ya ce ta tsufa. Sobczak ya buɗe jaka ya karanto masa shekarunta.

Sai ga ihun masu turi. Motar ta fita daga laka.

Ƙauye ya taru a bakin shinge. Maruƙan da suka biyo iyayensu suka jeru suna leƙe, jajaye, kowanne da farin tabo a goshi. Sobczak ya dube su ya ce kyawawa ne. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokiti, wai shi zai fara tatsa da hannunsa don mai hoton da ya zo cikin motar ya samu abin ɗauka.

Aka sauko da bijimin gwamnati, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Taku uku ya yi ya tsaya. Ya shaƙi iska, ya sunkuyar da ƙaho, ya hau tonon ƙasa. Daga cikin ɗakin aka mayar masa da wani ruri da ya zubo da ƙura daga rufi.

"Ka ji zumuɗin amarya!" in ji Sobczak. "Buɗe, Pan Kurek."

Walenty ya dubi gonarsa sau ɗaya, ya cire hula, ya zare sakata.

Sobczak ya durƙusa da bokitinsa, ya leƙa inda ake leƙawa, ya daɗe a durƙushe bai ɗago ba, yayin da Malina, uban duk maraƙin da aka haifa a Zalesie cikin shekara huɗu, ya tako waje don ya ga wanda ya zo ƙwace masa aiki.