Mai Niƙabi a Asibitin Maharazu

Dakta Maharazu na tsakiyar karin kumallo matarsa Zulfa ta ajiye masa labarin tare da shayi. Wai a wajen suna ta ji, daga bakin matar wani babba a ma'aikatar lafiya: za a turo wata mata daga Katsina, ta yi shigar marar lafiya, ta ce tana fama da zafin fitsari. Duk likitan da ya saɓa ƙa'idar ba da magani, a garƙame masa asibiti.

Ya ajiye ƙosan da ke hannunsa, don ya san halin kansa. A ɗan asibitinsa na hanyar Kongolam, mace na cewa "zafi", kafin ta kai ga "fitsari" ya rubuta mata allura mafi ƙarfi. Ba gwaji, ba tambaya. Mutane na son allura, shi kuma ba ya son ɓata wa mutane. Ita kanta Zulfar, wata da watanni tana kukan ciwon mara, iyakacinta 'yan ƙwayoyin da zai lalubo a jaka yana neman makullin mota.

A ranar ya zaro littafin ƙa'idar daga ƙarƙashin ƙafar teburi, inda ya daɗe yana aikin tokara. Kowace mace ta zama abar zargi. Har mai tallan fura da ta shigo neman ruwa sai da aka miƙa mata kwalbar gwaji.

Ranar Laraba sai ga ta. Baƙin niƙabi, safar hannu, safar ƙafa, wata tsohuwa na biye da ita.

"Ba ta magana da namijin da ba muharraminta ba, likita," in ji tsohuwar. "Ni zan faɗa."

Turarenta ma na matan manya ne, ya san tsadarsa, ya sha sayen irinsa a Kano. Ya gyara zama ya shiga jero tambayoyi kamar mai biya hadda. Tun yaushe? Akwai zazzaɓi? Kwiɓi na ciwo? Juna biyu fa? Me aka sha a baya? Mai niƙabi ta raɗa wa tsohuwa, tsohuwa ta faɗa masa, daga ƙarshe ta zazzage leda cike da fankon katin ƙwayoyi.

"Subhanallahi! Wa ya yi ta ɗura mata waɗannan ba gwaji?"

"Wani likita ne a unguwarsu."

"Wannan ba likita ba ne, mahauci ne! Ku gaya masa ni na faɗa."

Mai niƙabi ta gyaɗa kai da ƙarfi.

Ya aika fitsarin ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito suka dawo, ya yi musu bayani dalla-dalla: ƙwayar cutar ta riga ta saba da duk abin da aka sha, da an ƙara sakaci da ta hau ƙoda. Ya zaɓi maganin da gwaji ya nuna, ya ja kunne kada a bari sai ya ƙare, ya raka su har bakin titi yana rusunawa.

Kwanaki suka shuɗe, ba wanda ya zo da kwaɗon garƙame asibiti. Wata la'asar ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya tarar da Zulfa tana kwashe shanya, har da 'yar waƙa, ita da a da ko sunkuyawa ba ta iyawa.

"Mun tsallake," in ji shi. "Tun daga ƙofa na gane ta. Ni za a yi wa shigar burtu?"

"Sannu da ƙoƙari, Baban Nabil. Af, ga wani saƙo da aka ce a isar maka."

"Daga Katsina?"

Ta ciro baƙin niƙabi da safar hannu daga kan igiya, ta ninke su a kafaɗa.

"A'a, daga likitana. Ya ce a gaya maka kai mahauci ne."