Alhaji Lado Ba Ya Son Ɗebewa

Alhaji Lado ya taho a guje daga hagu, ya tsallake kwata, ya yi sama ya dira a kan kujerar kansila. Tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, amma har hular an sa masa.

Alhaji Lado na gaskiya, dillalin hatsi mai neman kansilan Zinyau, yana zaune gaban kwamfutar yana shafa tumbi. Uzairu ne ya haɗa masa wasan kwamfutar da ɗan hotonsa ke gudu a ciki. Shekara bakwai Uzairu ya yi a Legas, ya dawo Rano da tsohuwar kwamfuta da wando mai aljihu shida. Alkawarinsu shi ne, in wasan ya burge jama'a ranar gangami, Alhaji zai ba shi shago a bakin tasha ya buɗe ajin kwamfuta. In bai burge ba, sai ya koma Legas ya ci gaba da acaɓar da bai taɓa gaya wa Iya yana yi ba.

Kuskuren Uzairu shi ne son burga. Ya buɗe rubutun da ke bayan wasan yana bayani. Ɗan hoton nan, in ji shi, gudu biyu gare shi: gudun kwance mai kai shi dama ko hagu, da gudun tsaye mai kai shi sama ko ƙasa. Kowace ƙiftawar ido na'ura tana ƙara lambobin biyu a kan inda yake.

Alhaji bai iya Turanci ba, amma ya san kalkuleta. Ya ɗora yatsa a allon kwamfutar.

"Wannan ɗan layin da ke gaban sunana fa?"

"Alamar ɗebewa ce, Alhaji. Kwamfuta daga sama take fara ƙirga. In lamba ta ƙaru, ƙasa mutum yake yi. Sai an ɗebe ake tashi."

"A ɗebe ni, saura sati biyu zaɓe? Kai yaro, Legas ta taɓa maka kai. Cire shi. Ko ɗaya kada in gani."

Uzairu ya cire. Ɗan Alhajin ya tako, ya zo bakin kwata, ya nutse ƙasa har hula. Haliru direba ya fita waje da sauri, wai tari ya sarƙe shi.

"Ka gyara," in ji Alhaji. "Amma ranar gangami zan duba da idona."

Kwana huɗu Uzairu bai leƙa ko majalisar mai shayi ba. Ya sake zana komai, kwata da kujera da Alhajin kansa.

Ranar gangami ya iso Zinyau rungume da allon, an naɗe shi da atamfar jam'iyya, gilashin kaɗai ke waje. Bai yarda kowa ya kama masa ba. Ya miƙa wa Alhaji takardar da ya buga rubutun a kai. Alhaji ya bi ta layi-layi da yatsa, babu ɗebewa.

Aka tayar da janareta. Ɗan Alhajin ya taho, wannan karon daga dama zuwa hagu.

"Kamar rubutun allo," in ji wani dattijo. "Akwai albarka."

Ya zo kwata, ya yi sama, ya dira a kujera. Mata suka rangaɗa guɗa. Sau goma sha ɗaya aka maimaita. Nan take Alhaji ya zaro makullin shago ya danƙa wa Uzairu, wanda ya tuna yana da uzuri a Kibiya, ya haye babur.

"Haliru, kai na'urar gida Hajiya ta gani," in ji Alhaji. "Ka cire mata zanen nan, zafi zai yi mata yawa."

A falon Hajiya, gaban surukai da maƙwabta, Haliru ya warware atamfar ya tarar da gindin allon yana kallon rufi, ya yi tsaki ya juya shi daidai, aka kunna, sai ga Alhaji Lado ƙafafu a sama yana sulmiyowa ƙasa da ka, kamar yadda ya yi ta yi sau goma sha ɗaya a Zinyau ana masa guɗa.