Ranar da Hajjo Ta Fita Sayen Tsamiya

Tsamiya ce ta fitar da Hajjo daga gida. Ranar farko ta azumi, ita kuwa ba ta san azumi babu kunun tsamiya ba, ko a Gusau ko a Doha.

Watanta biyu a unguwar Bin Omran wurin 'yarta Na'ima, likita. Surukinta Mudasiru yana can tsakiyar teku wurin haƙar gas, inda ya ce tsakaninsu da ruwan Iran ba nisa. Kafin Na'ima ta tafi asibiti sai da ta ce, "Inna, don Allah ku rage jin rediyon nan. Kuma kada ku fita da Haulat."

Hajjo ta ce to. Ba ta kashe rediyon ba, ta kuma fita da jikar tata Haulat. Yarinya 'yar shekara biyar, wa za a bar wa?

Abin da rediyon wayarta ke faɗi kuwa ba daɗi. Iran ta yi gargaɗi, maƙwabta sun mayar da martani, jiragen yaƙi sun matso. An ce mata bara har makamai masu linzami aka harbo kan sansanin sojan da ke bayan gari, mutane suna kallo daga tagoginsu. Manyan ƙasashe dai kamar raƙuma suke: in suna kokawa, ciyawa ke shan wuya.

Rana ta yi sanyi lokacin da mai tasi ya sauke su a kasuwar Souq Waqif. Mai shagon da ta samu tsamiya a wurinsa bai ko tsaya ciniki ba. Ya dubi agogo, ya cusa mata leda a hannu, ya ce da Larabci, "Yalla, yalla, khalas!", wato maza-maza, an gama. Ya ja ƙofarsa ya rufe. Na kusa da shi ma ya rufe. Na gaba ma haka.

Wanda bai taɓa ganin an rufe kasuwa farat ɗaya ba, ba zai gane ba. Hajjo kuwa ta gani. Haka aka yi a kasuwar ƙauyensu ranar da ɗanta Audi ya tafi sayar da wake, aka dawo mata da takalminsa.

Ta damƙe hannun Haulat ta bi inda jama'a suka nufa. Kowa sauri yake yi, kowa idonsa a kan agogo. Wasu samari suna raba ruwan roba da 'yan ƙullin abinci, sak irin rabon da aka yi musu a sansanin gudun hijira.

Da suka fito fili, sai ta gan su. Sojoji, da wata ƙatuwar bindiga mai ƙafafun mota, bakinta a sama, ya dubi wajen teku.

Mutanen nan kuwa ko a jikinsu. Sun ɗora 'ya'yansu a wuya, sun ɗaga wayoyi. Hajjo ta ce a ranta, bayin Allah, ba ku san yaƙi ba, shi ya sa kuke kallonsa kamar wasan kura.

Ta juya za ta nemi hanyar komawa. Sai ta ji hannunta wayam.

"Haulat!"

Ta kutsa cikin dogayen riguna farare da baƙaƙe, tana ture wannan, tana take wancan. Me za ta ce wa Na'ima? Ta ce tsamiya?

Can ta hango 'yar jar rigar. Haulat tana gindin bindigar, wani soja ya ɗauke ta, har ya ɗora mata hularsa. Sauran sojojin suka fara korar mutane baya. Ɗaya ya buɗe gindin bindigar ya cusa wani abu. Ɗaya ya ɗaga hannu sama yana duban agogo. Wanda ke riƙe da Haulat ya ja da baya ya toshe mata kunnuwa.

Hajjo ba ta san lokacin da ta tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita ba, ita da ke hawa bene da hutu uku. Ta kwaɗa wa sojan ledar tsamiya a fuska, ta fizge jikarta, ta kife da ita a ƙasa ta rufe ta da jikinta.

Ƙasa ta girgiza. Tantabarun filin suka tashi gaba ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe. Hajjo ta runtse ido tana kalmar shahada, tana jiran ƙara ta biyu, wadda za ta zo daga can ƙetaren ruwa. Allah, ni dai, ba ita ba.

Ta biyun ba ta zo ba. Yarinyar tana motsi a ƙarƙashinta. "Kaka, kin danne ni!"

Ta buɗe ido ɗaya. Sojan da ta maka yana durƙushe a gabanta, ɓawon tsamiya a gemunsa, ya miƙo mata wani abu a tafin hannu. Kusa da shi Dramani ne, mutumin Kumasi mai aiki a wani gidan abinci a kasuwar, wanda ya ji ihunta da Hausa ya rugo. Yana ƙoƙarin danne dariya.

"Mma, tashi ki karɓi dabinonki," ya ce. "Rana ta faɗi. Da igwa ake sanar da shan ruwa a garin nan, kuma saura kwana ashirin da tara."