Gidan da Gargaɗi Bai Shiga Ba

Nong Teryo ya ajiye rediyon a kan teburin ɗakin taro, ya ja da baya ya tsaya kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci.

Da wannan rediyon yake karɓar hasashen yanayi daga babban tsibiri kullum da asuba: ƙarfin iska, tsayin igiyar ruwa, da lokacin da teku za ta juya. Daga nan sai ya bi gidajen masunta ɗaya bayan ɗaya yana sanarwa, don waya ba ta kamawa a wannan gefen. A kan aikin ya tsufa, kuma yau za a yanke ko a raba shi da shi.

Ran Talata hasashe ya ce iska za ta taso kafin tsakar rana. Kowa ya bar jirginsa a kan yashi, ban da Rodel, wanda gidansa ke can ƙarshen gari bayan duwatsu. Daga baya ruwa ya dawo da jirgin a kife, babu mai shi.

Matarsa Minda na zaune a bencin gaba da 'ya'yanta biyu. Ta rame ta yi zuru-zuru, ko loma ba ta iya haɗiyewa. Mata sai tausayinta suke ji, har da masu yi mata tsiya a da cewa in ta yi fushi da Rodel, ba ta yi masa magana, sai karen gida ya zama ɗan aike tsakaninsu.

Kapitan Nilda, shugabar garin, ta gyara tabarau. "Nong, tambaya ɗaya ce. Ka je gidan Rodel, ko ba ka je ba?"

"Ina zai je?" in ji Efren, ƙanen mamacin. "Tun yammacin Litinin na gan shi rungume da giyar kwakwa kamar jaririya."

"Na sha," in ji tsohon. "Wannan ban musa ba."

"Ba shi na tambaye ka ba, Nong."

Ya ɗago ya dubi bencin gaba, ya dubi yaran, ya dubi dangin Rodel da suka cika ɗakin da jajayen idanu. Sai ya sunkuyar da kai.

"Tsufa ne, Kap. Ba na iya tunawa."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka miƙa rediyon ga wani, kuma kowa ya san ba aikin kaɗai ya rasa ba. A tsibirin nan, wanda aka ɗora wa alhakin ran masunci ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Da zai fita ya tsaya gaban Minda. Kowa na jiran a ji da wane baki zai nemi gafara.

"Ki ci abinci, Inday," ya ce a hankali, da sunan da ake kiran 'ya mace a nan. "Ke kaɗai kika rage wa yaran nan."

Minda ta ƙanƙame 'ya'yanta. Tana kallo ya bi ta tsakanin mutane suna kawar da kai, nadama na cin ta har cikin ƙashi. Da asubar Talata, Rodel na wanka, ita ta buɗe wa Nong Teryo ƙofa ta ji gargaɗin kaf, sannan ta tsaya tana kallon mijinta ya saɓa komar kamun kifi ya fita, don sun yi faɗa, kuma ta rantse wannan karon ba ita za ta fara yi masa magana ba.